Tsohuwar Fijo a Hanyar Dogon Dawa

Tsohuwar mota iri biyu ce a bakin mutanen Dogon Dawa, kamar yadda take a sauran ƙasar Hausa. Akwai akwala, wadda ta tsufa a kan aiki har ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da roba. Akwai kuma wadda mai ita ya riƙe da mutunci shekara talatin ko arba'in, fentinta na nan, kujerunta na nan, in ta gifta dattawa su bi ta da kallo suna cewa, "Ashe har yanzu akwai irin wannan?" Dukansu biyun galibi Fijo ce, ko 404, ko 504, ko a-kori-kurar da ta fito daga zuriyarsu. A Turai da Amurka irin ta biyun tana da ƙungiyoyi da ranakun baje koli. Ƙungiyar FIVA, mai kula da wannan harka a duniya, tana sa mota cikin na tarihi idan ta kai shekara 30, aka adana ta a kan siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Shekarun kam Fijon yammacin Kaduna ta daɗe da cika su. Sharaɗin ƙarshe ne ya gagare ta, domin ba ta taɓa samun hutu ba.

Dogon Dawa gari ne a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a kan titin da ya tashi daga Birnin Gwari ya nufi Funtuwa. Tsohuwar hanyar Legas zuwa Arewa ta biyo ta Ilori da Jebba da Mokwa da Tegina ne kafin ta shigo Birnin Gwari, daga nan ta rabu: reshe ɗaya ya yi Kaduna ta Buruku, ɗaya kuma ya haura Funtuwa, inda ake samun hanyar Katsina da Gusau da Zariya. Saboda haka yaron da ya tashi a bakin wannan titi ya san motoci tun kafin ya san birni. Ya ga gingimari mai bodin katako ɗauke da goro, ya ga tanka da tirela, ya ga motocin gwamnati. Amma daga bakin kwalta zuwa ƙauyukan da ke cikin daji hanyar burji ce da turbar ƙasa, da damina taɓo da zaizaya, da rani gargada da ƙura. Masara da dawa da shinkafa da waken suya na wannan yanki duk ta irin waɗannan hanyoyi suke fitowa kasuwa, kuma su ne suka tantance motar da za ta rayu a nan da wadda ba za ta kai labari ba.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Sunansu ya fito a Afirka ta hanyar tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta ci a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce Janar Yakubu Gowon ya buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna. Abubuwa da dama sun haɗu a ɗan tsakanin nan. Nijeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motar Faransa mai sitiyari a hagu ta dace da sabon tsari. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata. Cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas ya yi tsanani har ya kai ga ana ɗauko sassan motar a jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, daga can a kawo su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Obasanjo ta rage ƙawar manya ta mai da 504 motar hukuma, daga kwamishina har shugaban ƙasa.

Ba sabuwa take isowa Dogon Dawa ba, sai nadiran. Mota takan fara rayuwa a ma'aikatar gwamnati, a yi gwanjonta wani ma'aikaci ya saya, bayan shekaru ta koma tasha tana jigilar Kaduna zuwa Birnin Gwari, sai ta gaji da dogon zango sannan ta gangaro hanyoyin ƙauye. Wagon mai layin kujeru uku an yi ta don mutum bakwai ko takwas. A haya kuwa akan sa biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, buhuna a sama, wani lokaci har da akuya a but.

Abin da ya sa ta jure yana cikin ƙirarta. Injin mai silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe guda, na 404 cc 1618, na 504 kuma 1796 da farko, daga baya 1971. Ba shi da zafin gudu, amma yana da haƙuri. Bututun da fistin ke kai-kawo a ciki ana iya zare shi a sa sabo, don haka injin da ya fara hayaƙi ba ya zama gawa: a sauya silif da fistin da ringi, ya dawo kamar jiya aka sauke shi. Tayoyin baya ne ke jan motar, to duk yadda aka danna mata kaya sai ƙara riƙe ƙasa take yi. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta dogo ne mai laushi, yana shanye ramin da zai karya ƙafar wata motar. Sama da komai, babu abin da ke ɓoye a cikinta. Wanda ya buɗe bonet zai ga kafireto da distiributa da kwayil da famfon mai, kowanne a sarari, kowanne hannu na iya kaiwa gare shi da sifana lamba goma ko sha uku.

Tuƙinta ilimi ne daban. Da sanyin hunturu direba ba ya murɗa makulli kai tsaye. Zai duba ruwan lagireto, ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya ja cok, ya taka totur sau biyu, sannan ya tayar. In ta kama sai ya bar ta tana ɗumi yana goge gilashi, yana kasa kunne. Mai batir mai rauni kuwa tun da dare ya aje ta a gangara. Da safe yara biyu su tura, a sa giya ta biyu, a saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Giyar 404 da ta 504 ta farko a jikin sitiyari take, kuma baƙon hannu yakan sha wahala kafin ya gane inda ribas ya ɓuya. Sitiyarin yana da nauyi a tsaye, sai mota ta motsa yake sakin jiki.

A cikin taɓo ake gane gwani. Yakan tsaya ya duba, wani lokaci ya tura yaron mota ya shiga da ƙafa ya auna zurfi, sannan ya sa giya ta biyu ya riƙe totur a wuri ɗaya, ba ƙari ba ragi, har ya fita. Wanda ya ɗaga ƙafa a tsakiya ya kafe. Kafin a ƙetare rafi akan lulluɓe distiributa da leda, domin ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kashe wuta, in an haye kuma a yi ta taka birki a hankali har ya bushe. Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Yaro yakan yi shekaru yana wanke mota da ɗaure kaya da sa wejin katako a bayan taya kafin maigidansa ya ce masa, "Zo ka juya ta." Daga juyawa sai ɗan tuƙi a fili, daga nan sai hanya.

Gyaran nata ma haka yake, kunne da hanci da yatsa. Garejin karkara inuwar bishiya ce, da benci, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da ƙasar da baƙin mai ya rina. Mota ta zo tana shaƙewa in an ba ta wuta, bakanike ba ya tambaya da yawa. Zai kwance kan kafireto, ya zuba fetur a gwangwanin madara, ya ciro 'yan ƙananan jet na tagulla ya wanke, ya ɗaga kowanne ya hango rana ta cikin hujinsa, ya busa da baki. Wanda ya san aiki ba ya zura waya a cikin hujin, don faɗaɗa shi kaɗan yana nufin motar za ta riƙa shan mai har ƙarshen rayuwarta. Daga nan ya buɗe distiributa ya goge bakin kwantak da ɗan sanfefa, ya daidaita tazararsa. Littafin kamfani ya ce kashi huɗu cikin goma na milimita. Shi kuwa da ɗan guntun kwali yake aunawa, kuma da wuya ya kauce. Sai ya ciro fulogi ya duba launinsa: in ya yi baƙi ƙirin da toka, mai ya yi yawa, in ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya tafi, in ya yi fari fat, injin na ƙuna. Ƙarar da ba a gane ba kuma, sai ya kafa bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya bi ta wuri-wuri har ya ce wa mai mota, "Alhaji, metal ne, kada ka ƙara tafiya da ita."

Ba kowace dabara ce abin yabo ba. Toshe tankin da ke yoyo da sabulu, ko ɗaure salansa da waya, hikima ce ta wanda dare ya yi masa a daji. Amma zuba ruwan garin sabulu a madadin man birki ya jawo asarar rayuka da dukiya, kuma cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, wanda kusan kowane gareji ke yi da sunan maganin zafi, yana hana injin kai ɗumin da ya kamata ya yi aiki a kai. Ruwan rijiya da na rafi da ake ɗurawa a lagireto shi ke cinye kan injin, wanda na alminiyam ne, ya toshe hanyoyin ruwa, har wata rana gasket ya ƙone a tsakiyar hanya. Yawancin Fijon da suka mutu a yankin nan zafi da tsatsa da lodi ne suka kashe su, ba shekaru ba.

Aikin da ya fi ƙarfin inuwar bishiya akan kai shi birni. Kiranshaf a kai Kaduna ko Funtuwa ko Zariya a gyara shi a injin, kayan gyara kuma a nemo su a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Sana'o'i da yawa sun rayu a jikin mota ɗaya: mai faci, mai walda, mai bugun bodi, mai fenti, mai haɗa waya, mai ɗinkin kujera, kowanne da yaransa.

Ba a kafa ranar baje kolin tsofaffin motoci a Dogon Dawa irin yadda ake yi a Ingila ba, inda kowace shekara a farkon Nuwamba motocin da aka ƙera kafin 1905 ke tafiya daga Landan zuwa Brighton jama'a na kallo a bakin hanya. Amma nuna mota ba baƙon abu ba ne a nan. Lokutansa ne daban. Ranar Sallah mai mota ya wanke ta tun asuba, ya goge ƙarafunan gabanta har su ɗauki ido, ya kai iyali Idi. Ranar ɗaukar amarya motar da ta fi kowace tsabta ita ke gaba, sauran na biye da ham. Tarbar alhazai, naɗin sarauta, zuwan Sarkin Birnin Gwari ko wani babban baƙo, duk wurare ne da mota ke fita kunyar mai ita ko ta ba shi kunya. A-kori-kura ma tana da nata ado: zanen zaki ko dawisu a allon baya, addu'a ko karin magana da mai fenti ya rubuta, geza a gilashi. A manyan birane abin ya ɗan fi kusa da na Turai. Fadar Kano tana da tsofaffin motoci, har da Rolls-Royce, da ake fitowa da su a ranakun biki, kuma Marsandin da aka harbe Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Waɗannan motocin manya ne. Motar da ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kai buhun manomi kasuwa shekara talatin, ba a yi mata irin wannan gata ba, alhali ta fi su ba da labarin yadda talaka ya rayu.

Faɗuwarta ta fara ne da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai ƙasa ta koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ke shigowa ta Kwatano da Legas. A tasha Golf da Sharon da bas ɗin Toyota suka karɓe layi, domin sun fi gudu sun kuma fi sauƙin mai. A Faransa an daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. Babur mai araha ya shigo ya ƙwace hanyoyin ƙauye, tunda yana shiga inda ko a-kori-kura ba ta shiga. Sababbin motocin kuma suka zo da kwamfuta a ciki, ba kafireto ba kwantak, sai a jona na'ura ta faɗi cutar. Yaron gareji na yau ya iya wannan, kuma ba laifinsa ba ne, don nan abincinsa yake. Sai dai masu iya saita kafireto da kunne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya gaje su ba.

Sannan rashin tsaro ya zo ya yi wa harkar mummunan lahani. A watan Oktoba 2012 'yan bindiga suka kai hari Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum kusan ashirin, har da masu fitowa daga masallaci. Shekarun da suka biyo baya dazukan Kamuku da Kuyambana suka zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, titin Kaduna da na Funtuwa suka zama abin tsoro, har akwai lokacin da direbobi ke taruwa su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanya. A irin wannan hanya halin Fijo ya juye ya zama aibi. Motar da aka saba tsayawa a bar ta ta huce, a ƙara mata ruwa, a busa jet a gefen titi, ta zama motar da fasinja ke gudu, domin tsayuwar minti goma a daji na iya zama ajali. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Motar ƙauye da kasuwa take rayuwa. Da kasuwa ta tsaya, da yawa suka kwanta a bayan gida. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu da 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru a rufe, zirga-zirga ta fara dawowa. Amma kafin nan an cire tallafin mai a Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura dubu a ƙarshen 2024, kuma injin mai kafireto ba ya wasa da mai.

Motar da aka aje ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa. Fetur ya kwana a kafireto ya zama danƙo, birki ya kama, tayoyi su tsattsage, ɓeraye su cinye waya, ruwan damina ya taru a ƙasan kujera tsatsa ta huda ƙarfe. Daga nan sai 'yan gwangwan su zo su yi tayi, a yanka ta da wutar walda, a auna a kilo. Haka Fijo da yawa suka ƙare, wasunsu injinsu bai mutu ba.

'Yan ƙalilan da suka riƙe tasu suna bin ƙa'idoji sanannu. Ana tayar da ita aƙalla sau ɗaya a mako a ɗan zagaya da ita har injin ya yi ɗumi sosai. Ana aje ta a ƙarƙashin rumfa, a cire kan batir in za ta daɗe. Baƙin mai da matatarsa ana sauya su a kan lokaci ko da ba ta yi tafiya mai yawa ba, man birki kuma na gaskiya, lagireto da ruwa mai tsabta haɗe da maganin tsatsa. Bayan damina a wanke cikinta daga ƙasa, a cire taɓon da ya maƙale a kumatun taya, domin daga nan tsatsa ke kamawa. Mai hangen nesa yakan sayi gawar wata Fijon ya aje a gefe don cire kaya, tunda na asali sun yi wuya, na jabu kuma sun cika kasuwa; fitilar gaba ta 504, mai siffar nan da ba ta da kama, da tambarin zaki da murfin taya sun fi kayan injin wuyar samu. Akwai kuma zaɓin da kowane mai ita kan fuskanta: ya ɗora mata injin wata mota don ta ci gaba da neman kuɗi, ko ya bar ta da nata. Wanda ya sauya ya samu motar aiki, amma daraja irin ta tarihi tana tare da wadda injinta da fentinta da takardunta suka zauna yadda suka fito daga Kakuri. Takardun nan, wato rasiɗin saye da tsohuwar lamba da littafin gyara na kamfani, su ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma su ne ke tabbatar da shekarar mota da hannayen da ta bi kafin ta iso Dogon Dawa.